Wace na'ura ta dace da mai ɗaukewar numfashi a barci?

Yarona, ka tambaye ni abin da ya sa na mayar da alhajin nan na Agege wurin likita, alhali ya zo da kuɗinsa yana neman na'ura mafi tsada a shago. Dalili shi ne ɗaukewar numfashi a barci iri-iri ce, kuma gwajin barci ne ke bambance su, ba farashi ba.

Galibin masu zuwa mana maƙogwaronsu ne ke rufewa idan naman wurin ya saki, sai ka ji minshari ya yanke, an yi shiru na daƙiƙa 10 ko fiye, sannan mutum ya zabura yana jan iska. Na'urar da ake ba irin waɗannan ita ce CPAP, wadda Colin Sullivan na Ostiraliya ya gabatar a 1981. Tana hura iska da ƙarfi ɗaya har gari ya waye domin ta tokare hanyar, kuma ana saita ƙarfin iskar tsakanin lamba 4 da 20 bisa umarnin likita. Wanda abin ke tsananta masa idan ya kwanta rigingine, APAP na iya fi masa daɗi, domin da kanta take ƙarawa ko ragewa. Wanda kuwa fitar da numfashi ke yi masa wuya saboda ƙarfin iskar, akan mayar da shi kan BiPAP mai ƙarfi biyu, ɗaya na shaƙar iska, ɗaya mai sauƙi na fitar da ita.

Inda nake so ka natsu shi ne nau'i na biyu, wanda hanya a buɗe take, amma ƙwaƙwalwa ce ke jinkirta ba da umarnin numfashi. Tokare hanya ba kasafai yake wadatarwa ba, sai na'urar da za ta tura numfashi da kanta idan mutum ya tsaya, kamar ASV. Ita ma ba kowa ake ba ba, domin binciken SERVE-HF na 2015 ya nuna ƙaruwar mace-mace a tsakanin masu raunin bugun zuciya da suka yi amfani da ita. Kada ta bar shagon nan sai likita ya duba zuciyar mai ita.

Idan tokumbo ce aka kawo maka, ka sani saitin tsohon mai ita na ciki. Ka duba awannin da ta yi, ka sauya matata da tiyo da abin rufe hanci. Ka kuma tambayi mutum ko yana da inbata, tunda wutar Legas ba ta da tabbas, ka gaya masa tukunyar ɗumama ruwa da ke jikin na'urar, wadda ke sa wa iskar laima, ita ce ke saurin shanye batir.