Mercedes ɗin Baba: a tada ta ko a sayar?

Ɗan'uwa, ka ce Baba, Allah ya jiƙansa, ya bar muku Mercedes 450SEL 6.9 a gareji a Unguwar Rimi, ta yi shekaru ba a tada ta ba, kana tambaya ko gyaranta zai biya. Ni dai ina ganin ta cancanta. Guda 7,380 kacal aka ƙera a duk duniya.

Amma kafin ka kashe ko sisi, sa a ɗaga ta a leƙa ƙarƙashi. Idan tsatsa ta ci ƙasan ƙofofi da shasi har yatsa yana shiga, kuɗin walda kaɗai zai jigata ka. Injinta ba shi ne abin tsoro ba. Abin da ke cin kuɗi shi ne abin da ke ɗauke da jikinta, don ba sifirin gare ta ba, da mai da iska take tashi. Shi ya sa in ta daɗe a ajiye za ka tarar ta durƙushe kamar raƙumi.

Masu walda na kasuwar Panteka a Kaduna gwanaye ne, amma kayan da ke ɗauke da jikin nata sai an yi odarsu daga ƙasashen waje. Kuma don Allah kada wani bakanike ya lallaɓe ka ya sa mata injin wata mota.