Kafin ka biya kuɗin saba, tambayi inda take

Ɗana, tambaya biyu ka cusa a baki ɗaya. Ka ce Alhajin nan mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa yana son shafin intanet, ka kuma ga tallar wani kamfani a Amurka mai araha da ke cewa wuri ba iyaka. Kana so mu kama hayar saba a can, wato kwamfutar da za ta ɗauki shafin, mu ɗora VPN, manhajar nan mai ɓoye abin da mutum ke yi a intanet, don shafin ya yi gudu kuma sirrin Alhaji ya rufu. To, mu raba su, aikinsu ba ɗaya ba ne.

Fara da masu buɗe shafin. Su waye? Mata ne da 'yan sari a Garwa, Marwa, Ngaundere, Kuseri, har Njamena da Yola, kowa riƙe da waya da 'yar datarsa. Idan mace ta taɓa shafin a unguwarsu a nan Kamaru, saƙon zai bi igiya ya gangara kudu, ya shiga teku ta Duwala ko Limbe ko Kribi, sannan ya nemi inda sabar take. Haske a cikin igiyar nan yana cin kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 1,000 na ƙara maka aƙalla milisakan 10 a zuwa da dawowa. Shafi kuwa ba sau ɗaya yake zuwa ya dawo ba kafin ya buɗe. Shi ya sa na fi son saba a Faransa a kan wadda ke can ƙuryar Amurka. Ta cikin gida, a Duwala ko Yawunde, tana iya fin su duka, amma fa sai in kamfanin yana haɗe da CAMIX, mahaɗar kamfanonin intanet na Kamaru; in ba haka ba, saƙon na iya zagayawa Turai ya dawo, ka ga an yi ba a yi ba.

Kada ka yarda da talla, kada ma ka yarda da ni. Nemi kamfanin ya ba ka adireshin gwaji, ka buga masa ping, wato gwajin lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo, da layin MTN, ka sake da Orange, bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya hau. Wanda ya ƙi ba ka adireshin, ka bar shi.

Wannan “ba iyaka” kuma, sauka ƙasa ka karanta ƙananan rubutun. Za ka tarar sun ƙayyade ƙarfin injin da yawan fayil. Duba kuma kuɗin shekara ta biyu, don a nan suke fanshe arahar shekarar farko.

Amma gaskiyar magana, abin da ya fi kashe gudun shafi a nan ba saba ba ce, hoto ne. Yaron Alhaji zai ɗauki atamfa da waya, hoto ɗaya mega 5, ya jera guda 20 a shafin farko. Mega 100 ke nan, wa zai jira? Rage kowanne ya koma kilo 200, zanen zai fito sarai. Aikin rabin awa ne, ya fi canza kamfani amfani.

Sai ajiya. Ran 10 ga Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen sabobin kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa, waɗanda kwafin shafinsu ke cikin ginin nan kaɗai suka tashi a tutar babu. Kwafi ɗaya a wani kamfanin daban, ɗaya a hannunka, duk mako. Sunan shafin kuma, ko .cm ne ko .com, a yi rajistarsa da sunan Alhaji, ba naka ba, ba nawa ba. Kada kuma in ji ka ce mu ajiye saba a shago. Zafin Afrilu da ɗaukewar wuta sun ishe ta.

Yanzu VPN. Ba ya ƙara wa shafi gudu, zango ma yake ƙarawa a hanya. Aikinsa shi ne ya rufe abin da kake yi daga idon kamfanin layinka ko mai wifi na otal. Sai dai abin da suka daina gani, yanzu mai VPN ne ke ganinsa. Ka sauya wanda ka ba amana ne kurum. Saboda haka na kyauta nake tsoro, banza ba ta kai zomo kasuwa. An taɓa yin wani VPN na kyauta mai suna Onavo, na Facebook, ya riƙa tattara bayanan abin da mutane ke yi a wayoyinsu, har aka cire shi daga shagon Apple a 2018.

Yana da ranarsa, ban musa ba. Lokacin da aka toshe WhatsApp da Facebook a Chadi daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, da shi mutanen Njamena suka riƙa shiga, ga cin data ga jan ƙafa. Amma da aka yanke intanet ɗungurungum a yankunan Bamenda da Buea daga Janairu zuwa Afrilun 2017, babu VPN da ya yi magani, don sai da hanya ake ɓuya a cikinta.

In Alhaji zai saya don tafiye-tafiyensa, nema masa mai aiki da tsarin haɗi na WireGuard, wanda kuma ke datse layin da kansa in haɗin ya katse, wanda kuma masu bincike na waje suka tabbatar ba ya ajiye tarihin mutane. Ya zaɓi sabar VPN mafi kusa.

Sirrin masu sayayya kuwa, kwaɗon nan na HTTPS mai kulle saƙo tsakanin waya da shafi ne ke tsare shi, masu ba da shaidar tsaro ta Let's Encrypt na bayarwa kyauta, ka dai tabbatar yana sabunta kansa. Sa wa shafin kalmar sirri mai tsawo da tabbaci mataki biyu, kada ka tura ta a zauren WhatsApp na shago.

Gobe ka zo min da kamfani uku, da sakamakon ping na kowanne, da kuɗin shekara ta biyu a sefa. Ka tambaye su ko suna karɓar Mobile Money, don Alhaji ba ya son harkar kati.