Motar rimot: daga jan tayoyin baya zuwa jan tayoyi huɗu

Ɗan'uwa, ka tambaya ko motar rimot ɗinka HPI Baja 5B, mai girman 1/5 na motar gaske, za ta iya komawa jan tayoyi huɗu. Za ta iya, amma aiki ne ja. Gabanta babu wurin giya, don haka sai ka sa difaranshal a gaba, wato giyar da ke raba juyi tsakanin tayar dama da ta hagu, da farfela ko bel daga injin, da sandunan da za su juya tayoyin gaba, wani lokaci har shasi sabo.

Ka kula sosai da lissafin haƙoran giya: gaba da baya su zo daidai. In sun saɓa, za ka ji tana ƙara, haƙoran su cinye cikin kwana kaɗan. Nauyi ma zai ƙaru, kulochi ya riƙa zafi.

Ni dai in kana da hali, wata motar rimot, Losi 5IVE-T, zan ce ka nema, da jan huɗu aka ƙera ta.