Amsa kan taragon R32 na Niyok

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa mutanen Niyok suka yi cincirindo suna ban kwana da wani tsohon jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ai taragon R32 ne, wanda ake wa laƙabi da Brightliner saboda ƙyallinsa.

Kamfanin Budd na Filadelfiya ne ya ƙera guda 600, suka fara aiki a 1964. Sirrinsu jikinsu ne: ƙarfen da ba ya tsatsa, an yi masa zane-zane a kwance daga sama har ƙasa kamar kwanon rufi, ga ƙarfi ga rashin nauyi. Shi ya sa wasu taragon da aka yi bayansu suka riga su ritaya. Biyu-biyu ake haɗa su, kowane tsawonsa ƙafa 60. Na'urar sanyaya iska ma sai ƙarshen shekarun 1980 aka saka musu.

Ni abin da ya fi taɓa ni tagar gaba ce. Ɗakin direba a gefe yake, yaro sai ya manna goshi a gilashi yana kallon layin dogo da fitilu cikin duhun rami.

Ranar 9 ga Janairu 2022 suka yi tafiyar ƙarshe a layin Q.