Na sayi talabijin mai 3D, na sa tabarau, ban ga komai ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi talabijin na hannu ƙirar Samsung, an rubuta 3D a jikinsa, mai shagon ya haɗa mini da tabarau biyu marasa batir. Na jona na'urar wasan bidiyo ta PS4 ɗina na sa wasan ƙwallo, na saka tabarau, ban ga wani canji ba sai ɗan duhu da ya ƙaru. Shin talabijin ɗin ne ya lalace, ko akwai wurin da zan danna? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka, da alama talabijin ɗinka ƙalau yake. Tabarau ɗin da aka ba ka ne ba nasa ba, sannan wasan da ka saka shi ma ba a yi shi don 3D ba.

Bari mu fara da wani ɗan gwaji. Miƙa hannunka ka ɗaga babban yatsa, ka saita shi da bakin ƙofa. Rufe idon hagu, sannan ka buɗe shi ka rufe na dama. Za ka ga yatsan yana tsalle gefe zuwa gefe alhali ba ka motsa shi ba. Tsakanin ƙwayar idanunka akwai tazarar kusan santimita 6 da rabi, don haka kowane ido da kusurwar da yake hango abu. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa hotunan biyu ta fitar da nisa da kusa. Duk wata fasahar 3D, tun daga na'urar madubai da Charles Wheatstone ya nuna a Ingila a 1838 har zuwa yau, dabara ɗaya ce: a ba kowane ido nasa hoton, a hana shi leƙen na ɗan'uwansa. Aikin tabarau rabawa ne kawai. Idan hoto ɗaya ke fitowa daga na'urar wasan, babu abin da zai raba.

Talabijin masu 3D iri biyu ne. Akwai wanda aka lulluɓe fuskarsa da wani siririn shafi mai murɗa haske: layi ɗaya na hoton a murɗa shi ta nan, layi na gaba ta can, sai kowane gilashin tabarau ya bar nasa layukan su wuce. Wannan ita ce hanyar da LG ya fi bi. Tabaransa ba nauyi, ba batir, irin wanda ake rabawa a sinima. Illarsa, cikin layuka 1080 kowane ido 540 yake samu. Ina kyautata zaton irinsa aka ba ka.

Samsung kuwa, kusan duka nasa ɗaya hanyar suke bi. Talabijin ɗin yana nuna hoton idon hagu, sai na dama, sai na hagu, sau 120 a daƙiƙa ɗaya, sau 60 ke nan ga kowane ido. Shi kuma tabarau yana rufe gilashi ɗaya ya buɗe ɗaya daidai da wannan saurin. Dole ya kasance da batir, dole kuma su riƙa jin juna da talabijin ɗin. A nan ne mutane ke sake asarar kuɗi: waɗanda aka ƙera a 2010 da haske irin na rimot suke aika wa tabarau saƙo, daga 2011 kuma aka koma Bluetooth, kuma na wannan ba ya aiki da wancan. Kafin ka sayi komai, juya bayan talabijin ɗin ka kwafi lambar ƙirarsa, da ita za ka nemi tabaran da ya dace. Idan ka samu, ka kashe dogon ƙwan lantarki mai farin haske lokacin kallo, domin wutarmu mai bugu 50 ce a daƙiƙa, kuma takan sa irin wannan tabarau ya riƙa ƙyalƙyal har ido ya gaji.

To, a ce ka samu tabarau. Me za ka kalla? Wasannin ƙwallon da ake bugawa a PS4 hoto ɗaya suke turowa. Zamanin wasan 3D na PS3 ne, wato wanda ya gabaci PS4, wanda Sony ya ƙara masa wannan damar a 2010, aka samu wasanni irin su Gran Turismo 5 da Killzone 3 da Uncharted 3, kodayake hoton yakan sauko zuwa layi 720 ko ƙasa da haka, tunda na'urar sai ta zana komai sau biyu. PS4 ɗinka dai yana iya kunna faifan Blu-ray na 3D, abin da PS5 ba ya yi. Haka nan idan ka samu bidiyon da ya zo da hotuna biyu kafaɗa da kafaɗa, kowanne a matse, ka sa shi a filash, ka danna maɓallin 3D a rimot, ka zaɓi alamar akwatuna biyu a jere. Akwai kuma zaɓin da ke mai da hoto na yau da kullum ya koma 3D. Gwada shi a kan ƙwallon ka gani, amma cinke ne talabijin ɗin yake yi, 'yan wasa sukan fito kamar an yanko su daga kwali an kakkafa a fili. Ni dai minti biyar ya ishe ni.

Dalilin da ya sa kayan suka yi wuyar samu shi ne kasuwar ta daɗe da tashi. Fim ɗin Avatar na 2009 ne ya ɗaga harkar, kamfanoni suka yi rububin fitar da talabijin a 2010, har aka ɗauki wasu wasannin gasar cin kofin duniya ta Afirka ta Kudu da kyamarorin 3D. Ba a je ko'ina ba mutane suka gaji da saka tabarau a falonsu. Tashar ESPN 3D ta rufe a 2013, Samsung ya daina ƙerawa a 2016, LG da Sony suka bi baya a 2017. Ta ɓangaren kwamfuta ma kamfanin Nvidia ya janye daga tsarinsa na 3D Vision a 2019. Ragowar wancan zamanin ne ke shigo mana a kayan hannu, sau da yawa tabaran asali ya ɓace tun a can.

Wani abu da ya kamata ka sani shi ne ciwon kai. A zahiri, idan abu ya matso kusa da kai, idanu suna karkatowa ciki kuma suna saita gani a wuri guda. A 3D kuwa suna karkata ga abin da ya yi kamar ya fito tsakiyar ɗaki, alhali ganin a kan fuskar talabijin yake saite. Wannan saɓanin ne ke jawo jiri da nauyin goshi ga wasu. Shi ya sa kamfanin Nintendo, da ya fitar da ƙaramar na'urar wasa ta 3DS a 2011, wadda ba ta ma buƙatar tabarau, ya yi gargaɗin kada yara 'yan shekara 6 zuwa ƙasa su kunna 3D ɗinta. Mai harara-garke ko wanda ido ɗaya ya fi ɗaya rauni sosai, sau da yawa ba ya ganin zurfin ko da kayan sun cika.

Shawarata, idan ka ci karo da tabaran da ya dace a farashi mai sauƙi, saya ka ɗanɗana, amma sai an gwada shi a gabanka. Idan sai ka yi odarsa daga waje da tsada, bar shi, ka mori talabijin ɗinka a yadda yake. In kuwa zurfin hoton ne ya shiga ranka da gaske, tara kuɗin ka nemi na'urar VR da ake ɗaurawa a fuska, irin Meta Quest ko PlayStation VR ta farko da ke aiki da PS4 ɗinka. A cikinta kowane ido nasa hoton yake kallo kai tsaye, babu maganar dacewar tabarau. Waɗancan biyun marasa batir kuma ka mayar wa mai shago, ko ka ajiye wa wanda ke da LG.