Amsa ga 'yar'uwar da muryarta ta dishe saura kwana biyar gwaji

Ƙanwata, sai da na karanta tambayarki sau uku kafin na iya rubuta komai, don ji na yi kamar ni ce na rubuta ta shekara tara da suka wuce. Kin ce saura kwana biyar ki shiga gwajin wasan da ake waƙa a ciki, muryarki ta dishe tun makon jiya, wata ƙawarki ta ce akwai allurar da ke buɗe murya cikin dare ɗaya, kina tambaya ko ki yi. Kin kuma tambayi yadda za ki hana gwiwoyinki rawa in kin shiga ɗakin. Na ga wasu sun ce ki sha ruwan ɗumi ki dogara ga Allah. Dogaro ga Allah kam wajibi ne, amma bari in faɗa miki abin da allurar nan ta yi mini.

Lokacin ina ƙarƙashin wani mai horar da mu, ba zan kama sunansa ba, wasu a nan sun san shi. Kwana goma sha ɗaya a jere muna rihazal, tun hantsi har bayan magariba, a ɗaki mai na'urar sanyaya iska da ke busar da maƙogwaro kamar hunturu. Ran kwana na takwas na same shi na ce muryata tana kamawa in na hau sama. A gaban kowa ya ce, "Ke dai raguwa ce. Masu son abin nan ko da jini suke tari sai sun yi." Aka yi dariya. Ni ma wauta ta sa na taya su. Ana gobe gwajin ya sa aka kira wani mutum da jaka, aka yi mini allura a bayan labule. Daga baya likita ya gaya mini maganin sitiroyid ne, irin wanda ke sauke kumburi. Kuma wallahi ya sauke. Da safe na tashi muryata tas kamar an wanke ta. Na ƙara da ƙwayar asfirin guda biyu saboda kaina na sarawa.

Mutum uku ne a bayan tebur. Baitin farko ya fita lafiya. Ina shiga na biyu, daidai inda waƙar ke hawa, sai na ji wani abu ya ɗan tsinke a wuyana. Ba zafi, ko kaɗan. Na buɗe baki, iska ce kawai ke fita. Na sake gwadawa, sai wani kukan ƙofa mai tsatsa. Har yau ina ganin matar da ke tsakiya tana ajiye bironta a hankali a kan takardata, ta ce, "Mun gode, za mu neme ki." Na fito na tarar da mai horar da mu jingine da bango yana danna waya. Bai ce sannu ba. Bai ce me ya same ki ba. Cewa ya yi, "Kin kunyata ni." Kwana biyu bayan nan ya sa ɗaya daga cikin 'yan amshi a gurbina. Ita ban riƙe ta da komai ba, yarinyar kirki ce, har gida ta zo duba ni. Shi kuwa mun haɗu bara wajen wani taro, ya washe baki yana "ɗalibata, ɗalibata" yana nuna ni ga mutane. Na gaishe shi don tarbiyya, amma Allah ya sani ban yafe ba tukuna.

Likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya zura mini 'yar siririyar kyamara ta hanci, ya juyo da allon ya ce in duba. Tantanin murya guda biyu ne, a jikin mace ba su kai santimita 2 ba, kuma ya kamata su yi fari-fari. Nawa na hagu ja wur yake, jijiyar jini ce ta fashe a ciki. Ya yi mini bayani: ko magana kawai mace take yi, tantanin nan suna haɗuwa su rabu sama da sau 200 a daƙiƙa ɗaya, in ta hau sama a waƙa ya ninka. Dishewa ita ce hanyar da suke faɗa miki sun kumbura. Allurar ta danne kumburin, sai na daina jin gargaɗin, na ci gaba da dukansu. Asfirin kuma yana hana jini saurin daskarewa, wato na ƙara wa wutar fetur da hannuna. Kwana goma na yi ba magana ko ɗaya, da ɗan littafi da biro nake yawo. Wata biyar kafin na sake rera waƙa a gaban mutum.

Kada ki ɗauka sai mu ƙanana abin ke samu. Adele, shahararriyar mawaƙiyar Birtaniya, ta soke wasanninta a 2011 saboda zubar jini a tantanin murya, sai da aka yi mata tiyata a Boston, a Amurka. Ita ta warke. Julie Andrews kuwa, 'yar fim kuma mawaƙiyar Birtaniya, an yi mata aiki a maƙogwaro a 1997, muryar waƙarta ba ta dawo yadda take ba.

Ban ce sitiroyid haramun ne ba. Likitoci na ba mawaƙa shi wani lokaci, amma bayan sun leƙa sun ga abin da ke ciki. Ke muryarki ta haura mako guda a dishe, kuma da ita kike neman abinci, don haka ki je a duba gobe, ba jibi ba. In likita ya ce kumburi ne kawai, kwana biyar na iya isa. In ya ce ki haƙura, ki rubuta wa masu gwajin ki ce ba ki da lafiya, ko za su ba ki wata rana ko su karɓi bidiyo. Na sha mamakin yadda suke yarda. Da na san ana iya tambaya, da ban shiga ɗakin nan ba.

Kafin nan, ki rage surutu sosai, kiran waya ya koma rubutu. Kuma don Allah kada ki yi raɗa. Kowa na ɗauka raɗa hutu ce, alhali matse maƙogwaro take yi. In dole ne ki yi magana, ki yi da muryarki ta gaske, a hankali, a taƙaice. Gyaran murya da kaki su ma ki bari, gwara tantanin suke yi da juna, in kin ji abu ya tokare ki kurɓi ruwa ki haɗiye. Ruwan ma ki sani ba ya taɓa tantanin murya, hanyarsa daban, in ya taɓa ai ƙwarewa za ki yi. Sai ya shiga jiki ya ɗauki sa'o'i kafin ya amfane su, shi ya sa shan gora guda a bakin ƙofar gwaji ba ya ƙara miki komai sai fitsari. Duk wani haɗi da za a dama miki a kofi haka yake, daɗi yake wa maƙoshi kawai. Abin da ke isa wurin kai tsaye tururi ne. Surace da ruwan zafi zalla, minti goma, kada ki zuba komai a ciki. Alewar tari mai sanyin nan ma ki ajiye ta.

Af, kina da ƙwannafi? Ni ban san ina da shi ba sai da likita ya faɗa, don bai taɓa ƙona mini ƙirji ba, da daddare yake hawowa ya ƙona maƙogwaro ina barci. In kina tashi da safe murya a shaƙe da ɗaci a baki, ki bar awa uku tsakanin abincin dare da kwanciya.

In an ba ki izinin fara motsa murya, ki samu tsinken shan lemo, ki tsoma bakinsa cikin rabin kofin ruwa, ki riƙa fitar da sauti ta ciki ruwan na ɓulɓula, ki hau ki sauka a hankali. Minti uku zuwa biyar. Yarana dariya suke mini, amma shi ya dawo da ni. Ki kuma sauke waƙar ƙasa kaɗan in akwai hali, ko ki zaɓi wadda ta zauna miki a baki. Ba a ba da maki don an ga jijiyar wuya ta tashi.

Maganar rawar jiki, gaskiya ni har yau ina yi. Abin da ke ɗan taimaka mini: in ja numfashi in ƙirga huɗu, in sake shi in ƙirga takwas, sau biyar ko shida, fitar da iska a hankali na rage gudun zuciya. Kada ki karɓi ƙwayar kwantar da bugun zuciya daga hannun kowa a ɗakin jira, ana yawo da ita, kuma tana da haɗari ga mai asma. Ɗakin jiran nan ma shi ne rabin masifar. Za ki ga mai ɗumama murya da ƙarfi don a ji ta, da mai lissafa miki manyan da ta yi aiki da su. Ki zauna can gefe da takardarki. Layin farko ki haddace shi har ya zama ko daga barci aka tashe ki zai fito, in ya fita sauran na biyo shi. In kin manta kalma a tsakiya kada ki tsaya ba da haƙuri, ki wuce. In suka katse ki bayan rabin minti ba lallai ƙi ba ne, sau da yawa sun ji abin da suke nema. In suka ce ki sake ta wata siga, ki canza da gaske, so suke su ga ko kina jin magana. Kuma ki sa takalmin da kika saba da shi, na taɓa faɗuwa gwaji ina tunanin ɗan yatsana.

Ita ƙawar taki ki tambaye ta wa ya yi mata allurar, sau nawa aka yi mata, kuma ya muryarta take kwana uku bayan nan. Sannan in kin dawo daga wurin likita ki rubuto mana abin da ya gani. Ki rubuto, kada ki turo saƙon murya.