Amsa: Giginya da kuka dangi ɗaya ne?

Ƙanena, ka tambaya ko giginya da kuka rukuni ɗaya suke tunda duk itatuwa ne. A'a, tsawo ba ya haɗa zumunta. Giginya, goruba da dabino sun fi kusa da gero da dawa a kan kuka.

Tsirrai masu fure gida biyu ne manya: gidan su gero da giginya, da gidan su wake da kuka. Ka shuka gero da wake a gwangwani ka gani da idonka: gero zai ɓullo da ganye ɗaya tsinin-tsiya, wake kuwa ƙwayarsa rabewa biyu take yi. Daga nan ka ɗaga ganye ga rana. Jijiyoyin ganyen dawa a jere suke, ba sa haɗuwa. Na kuka da bedi sun sarƙe kamar raga. Saiwa ma haka: ta gero buzu-buzu ce, ta wake tana da uwa guda mai nutsewa ƙasa. Ni dai na fi yarda da ganye, don ba kullum ake samun fure a nan Katsina ba, balle da rani.

Abin da zai ba ka mamaki, gawon nan na gonakin hanyar Daura ɗan'uwan gyaɗa ne, haka tsamiya da ɗorawa. Duk 'ya'yansu cikin kwanso suke.

Akwai marasa fure, irin gansakuka, amma ƙasarmu ta yi musu bushewa, sai jikin tsohuwar rijiya da damina.